Tambaya da Amsa: Daga Ina Gwanintar Zari-Ruga Take Fitowa?

A wannan fitowa mun haɗa wasiƙu uku da suka zo mana daga cikin Zariya, domin dukkansu a kan ƙwallon zari-ruga suke, kuma amsar kowace tana shiga cikin ta 'yar'uwarta. Mun taƙaita su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum. Malam, ni malamin wasanni ne a wata makarantar sakandare da ke Tudun Wada, kuma na daɗe ina bin gasar zari-ruga ta talabijin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Fiji da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba tana doke manyan ƙasashe, Niyu Zilan mai mutum miliyan biyar da 'yan kai ta zama dodon kowa, mu kuwa da muka haura miliyan 200, ga 'yan dambe, ga 'yan kokawa, ga 'yan tsere, ba mu taɓa leƙa gasar kofin duniya ba. Abokan aikina sun ce halitta ce, wai Allah ya yi mutanen tsibiran nan da ƙirar wasan. Shin haka ne, ko akwai wani dalili?

Malamin wasanni, Tudun Wada

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Abokan aikinka sun kama ƙaramin gefe na gaskiya, sun saki babban. Babu mai musun cewa mutanen Fiji da Samowa da Tonga suna da ƙashi da kauri, amma da a ce jini ne ke yin wasan, da ba mu da abin kuka, domin jininmu ya daɗe yana buga wa wasu. Victor Ubogu, haifaffen Legas, ya buga wa Ingila a shekarun 1990. Andrew Harriman, shi ma haifaffen Legas, shi ne kyaftin ɗin Ingila lokacin da ta ci kofin duniya na 'yan bakwai-bakwai, wato wasan mutum bakwai a kowane ɓangare, a 1993. Maro Itoje kuwa, wanda uwa da uba 'yan Najeriya ne, an ba shi kyaftin ɗin Ingila a 2025, kuma a wannan shekarar ya jagoranci haɗakar 'yan wasan Biritaniya da Ayalan zuwa Ostireliya. Abin da ya raba waɗannan da danginsu na gida shi ne makarantar da aka kai su da filin da suka tashi suna guje-guje a kai. Yawan jama'a ma ba ya sayen gwaninta, domin Amurka, da mutum sama da miliyan 330 da dukiyar da kowa ya sani, ba ta samu gurbi a gasar kofin duniya ta 2023 ba.

Idan ana so a gane inda gizo ke saƙa, sai a dubi dokar da ta bambanta wannan wasa da sauran. Ana rungumar ƙwallon a ruga da ita, ana neman a dangwala ta a ƙasa a bayan layin abokan hamayya a samu maki 5, amma ba a yarda mutum ya jefa wa abokinsa ita gaba ba, sai dai gefe ko baya. Wato mai ƙwallo yana gudu gaba, ƙato yana tunkaro shi zai kayar da shi, shi kuma wajibi ne ya san wanda ke biye da shi ta hagu da wanda ke biye da shi ta dama ba tare da ya waiga ba, sannan ya zaɓi lokacin sakin ƙwallon. Idan ya yi gaggawa, mai tsaro zai rabu da shi ya koma kan abokin nasa. Idan ya yi jinkiri, an danne shi da ita. Wannan zaɓi bai wuce ƙiftawar ido ba, kuma ba a koyonsa a kan allo. Sai an maimaita shi sau dubbai a lokacin da kuskure ba ya jawo wa mutum komai sai dariyar abokai, kuma wannan lokaci shi ne ƙuruciya.

A Fiji, da yamma ta yi, bayan an tashi daga makaranta an dawo daga gona, yara da samari kan taru a filin ƙauye ko a kan yashin bakin teku. Sau da yawa babu ƙwallo, sai kwalbar roba, ko busasshiyar kwakwa, ko tsohuwar riga da aka ƙudundune. Babu alƙali, babu mai ƙirga mutane, ɗan shekara takwas yana cikin samari masu gemu. Wasan da suka fi yi shi ne na taɓa-ɗaya, wanda da zarar an taɓa ka da ƙwallo a hannunka ta koma hannun abokan hamayya. Malam, ka duba abin da wannan doka ɗaya tak take yi wa yaro. Ba ya iya riƙe ƙwallo ya yi karo da mutum, dole ya kauce, ko ya sake ta kafin hannu ya same shi, ta bayan ƙeya, ta ƙarƙashin hammata, da hannu ɗaya, yana cikin faɗuwa. Abokansa kuma sun koyi cewa ƙwallo tana iya fitowa ta ko'ina, saboda haka ba sa barin bayansa. Kwalbar roba ba ta da daɗin kamu, kuma wanda ya saba cafe ta da magariba ta kawo kai ba zai sha wahalar ƙwallon gaske ba.

Jerry Tuwai, wanda ya tashi a unguwar talakawa ta Newtown a gefen Suva, da irin wannan kwalba ya fara. Da iyayensa suka tara kuɗi suka saya masa takalmin ƙwallo, mahaifiyarsa ta nuna masa cewa wannan takalmi shi ne wuƙarsa da cokalinsa, da shi zai ci abinci. Yana cikin waɗanda suka lallasa Biritaniya da ci 43 da 7 a wasan ƙarshe na bakwai-bakwai na Olamfik a Rio a 2016, lambar Olamfik ta farko da Fiji ta taɓa samu a tarihinta, har ƙasar ta buga takardar kuɗi ta dala 7 domin tunawa. Sun sake cin zinare a Tokyo, suka samu azurfa a Paris a 2024. Duk wanda ya kalli waɗannan wasanni ya ga taɓa-ɗayan ƙauye ne ake yi a gaban duniya.

Sai dai filin ƙauye yana da iyakarsa, kuma Fiji ta ɗanɗana hakan. A babban wasa na mutum 15 da 15, wanda ake yi minti 80, akwai turereniya, inda ƙarti takwas ke sarƙe kafaɗu su tunkari takwas, akwai kuma jifa daga gefen fili, inda ake ɗaga mutum sama ya cafo ƙwallo. Waɗannan ba sa zuwa da wasan yamma, suna bukatar koci da tsari da shekaru ana yi tare, kuma a nan aka daɗe ana cin Fiji, ga shi gwanayenta suna watsewa zuwa kulob-kulob na Faransa da Ingila da Niyu Zilan neman abinci. Da aka kafa musu ƙungiyar ƙwararru ta Fijian Drua, ta shiga gasar Super Rugby, inda manyan kulob-kulob na Niyu Zilan da Ostireliya ke karawa, a 2022, ba a daɗe ba aka ga bambanci: a 2023 sun doke Ingila da ci 30 da 22 a gidanta na Twickenham, suka kuma doke Ostireliya a gasar kofin duniya.

Niyu Zilan ta haɗa biyun, shi ya sa ta gagara. Yaro ɗan shekara biyar ana kai shi kulob ɗin unguwa ranar Asabar da safe, cikin sanyi, a wurare da yawa ma ba takalmi, iyaye ne koci, iyaye ne masu yanka lemo a gefen fili. Ba a fara masa da kayarwa. Ana ɗaura masa ɗamara mai ƙyalle biyu a ƙugu, wanda ya fizge ƙyallen ya tsayar da shi, wasan da suke kira Rippa. A yankuna da dama, musamman Auckland, ana raba yara bisa nauyi, ba bisa shekaru kaɗai ba, kuma a ganina wannan na daga cikin manyan hikimominsu. Yaro mai jiki idan aka bar shi cikin ƙanana zai riƙa ture su yana wucewa, ba zai taɓa koyon ba da fasin ba. Idan aka haɗa shi da masu nauyinsa, dole ya koyi dabara, shi kuma ƙaramin ba ya gudun wasan don tsoro. Sakamakon haka ne za ka ga ƙaton da ya haura kilo 110 a ƙungiyar ƙasarsu ta All Blacks yana miƙa ƙwallo da laushin hannu irin na ɗan wasan baya.

A gida ma ba a hutawa. Dan Carter, wanda ya yi ritaya da maki 1,598 a wasannin ƙasa da ƙasa, mahaifinsa ya kafa masa sandunan bugu a filin bayan gidansu a ƙauyen Southbridge lokacin da ya cika shekara 8. 'Yan gidan Barrett su uku, Beauden da Scott da Jordie, a gonar shanun mahaifinsu a Taranaki suka tashi suna fafatawa da juna, shi ma uban tsohon ɗan wasa ne, ka ga barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Daga nan sai sakandare, inda ake nuna wasannin manyan makarantu a talabijin, sai ƙungiyar lardi, sai ta ƙwararru. Kofin duniya uku, na 1987 da 2011 da 2015, daga wannan tsani suka fito. Su kansu sun san tushen, domin hukumominsu sun daɗe suna nuna damuwa kan yadda samarin sakandare ke barin wasan suna komawa ƙwallon kwando.

Afirka ta Kudu, wadda ta fi kowa da kofi huɗu, na 1995 da 2007 da 2019 da 2023, ƙarfinta yana cikin makarantu. Tun 1964 ake yin Makon Craven, inda zaɓaɓɓun ɗalibai na kowane lardi ke haɗuwa masu neman 'yan wasa suna kallo, kuma karawar shekara-shekara tsakanin wasu makarantu biyu na garin Paarl kan tara mutum sama da 20,000. Amma labarin da ya fi kusa da mu shi ne na Siya Kolisi, wanda aka haifa a 1991 a unguwar Zwide ta baƙaƙe a Port Elizabeth, ya tashi a hannun kakarsa cikin yunwa, yana wasa a filin ƙura da tsakuwa. Yana ɗan shekara 12 aka gan shi a wata gasar yara, aka ba shi gurbin karatu kyauta a makarantar Grey. A 2018 ya zama baƙar fata na farko da ya yi kyaftin ɗin ƙasar, ya kuma ɗaga kofin duniya sau biyu. Filin ƙura ne ya ba shi zuciya da hannu, makaranta ta ba shi abinci da koci da gasa. Da babu gasar yaran da aka gan shi a ciki, da wataƙila babu wanda ya san sunansa a wajen unguwarsu.

Akwai kuma Jojiya, ƙasar 'yan kokawa, wadda ke da wasan gargajiya mai suna lelo. Har yau a ƙauyen Shukhuti, ranar bikin Ista, mazan gari kan rabu gida biyu su yi ta turereniya a kan wata ƙwallon fata mai nauyin kimanin kilo 16. Ba mamaki da ƙartinsu suka cika layin gaba na kulob-kulob ɗin Faransa, kuma a 2022 suka doke Wales da ci 13 da 12 a Cardiff. Kowace ƙasa da abin da yaranta suka saba take zuwa fili.

Mu ma muna da namu shaidar, sai dai a wani wasan. Yaron Gyallesu ko Tudun Jukun tun bai iya ɗaure wando ba yake buga ƙwallon tsumma a lungu, duwatsu biyu ne raga, kuma daga irin waɗannan lungunan Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015. A tawagar da ta ci zinare a Atlanta a 1996 akwai Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, dukkansu 'yan Kaduna. Abin da kwalbar roba ta yi wa hannun yaron Fiji, shi ƙwallon tsumma ta yi wa ƙafar namu. Matsalar ita ce wasan namu ya haramta hannu; yaro ya shekara goma ana yi masa ihu duk lokacin da ƙwallo ta taɓa hannunsa, sannan a wayi gari yana ɗan shekara 18 a ce ya cafe ta yana gudu, ya wurga ta baya. Ƙarfi muna da shi, gudu muna da shi, jarumta ba a magana. Abin da babu shi ne awannin ƙuruciya da ƙwallo a hannu, da kuma gasar makarantu da za ta tsinto wanda ya yi fice. Kai da ke tsaye a gaban ɗalibai kowane mako ka fi kowa kusa da maganin wannan, kuma amsar tambaya ta uku da kai ma nake.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, ni ɗalibi ne a Samaru, shekarata 21. Na yi kokawa tun ina yaro a garinmu, na kuma yi tseren mita 100 a sakandare, amma ban taɓa riƙe ƙwallon zari-ruga ba. Ina sha'awar wasan ƙwarai. Shin lokaci ya wuce mini?

Ɗalibi, Samaru

AMSA

Ɗana, bai wuce ba, amma gara in gaya maka abin da ke gabanka. Wanda ya koyi Hausa da girma yana iya ciniki da ita, ya yi wa'azi da ita, sai dai kafin ya mayar da karin magana a take yakan ɗan tsaya ya yi tunani, kuma wannan ɗan tsaikon ne zai raba ka da wanda ya fara yana ɗan shekara biyar. Saboda haka gurabe biyu za su yi maka wuya, mai lamba 9 da mai lamba 10, waɗanda su ne ke karanta fili suna rarraba ƙwallo. Antoine Dupont na Faransa, wanda da yawa ke ganin babu kamarsa a lamba 9 a wannan zamani, yana ɗan shekara huɗu ya fara a ƙauyensu.

Gefen fili kuwa a buɗe yake ga mai gudu, musamman a wasan bakwai-bakwai, inda mutum bakwai ke tsare filin da aka yi don 15, ana yin minti bakwai a huta a ƙara bakwai. Carlin Isles na Amurka ɗan tsere ne, sai a 2012 ya shigo wasan yana da shekara ashirin da 'yan kai. Perry Baker, wanda ya fito daga ƙwallon Amurkawa, an zaɓe shi gwarzon duniya na bakwai-bakwai a 2017 da 2018. Kokawarka kuma jari ce babba, domin ka riga ka san yadda ake sunkuyawa a shiga ƙarƙashin mutum, da yadda ake kafa ƙafa, da yadda ake faɗuwa ba tare da dafa ƙasa da miƙaƙƙen hannu ba. Abin da za ka sake koya shi ne inda ake ajiye kai lokacin kayarwa: a gefen cinyar mutum ko bayanta, kada a gaban gwiwarsa.

Ka nemi ƙwallo da aboki ɗaya, ku riƙa miƙa wa juna kullum kuna tafiya, sannan kuna sassarfa, sannan kuna gudu, kuma ka ninka wa hannunka mai rauni aiki, domin yawancin masu farawa da girma gefe ɗaya kawai suke iya jifa, abokan hamayya kuma ba sa daɗewa kafin su gane. Kada ka koyi kayarwa daga bidiyo, ka nemi wanda ya taɓa yi. Wasan ba baƙo ba ne ƙwarai a Arewa. Akwai kulob ɗin Barewa a Kano, a Legas akwai Cowrie, kuma ƙasa tana da ƙungiyarta mai suna Black Stallions a ƙarƙashin hukumar zari-ruga ta Najeriya. Idan kana da ƙanne a gida, ka tafi musu da ƙwallo lokacin hutu.

TAMBAYA TA UKU

Assalamu alaikum Malam. Ni shugabar wata makarantar firamare ce a Sabon Gari. Wani daga cikin malamaina ya kawo shawarar mu fara koya wa yara zari-ruga, ni kuwa ina tsoro. Abin da nake gani a talabijin karo ne da faɗuwa, filinmu kuma jar ƙasa ce, babu ko ciyawa, kuma amanar 'ya'yan mutane ce a hannuna. Sannan ina tunanin ko wasan baƙi irin wannan zai taɓa kama ƙasa a nan. Mene ne shawararka?

Shugabar makaranta, Sabon Gari

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsoronki yana kan hanya, kuma da ma duk mai riƙe da yara haka yake tunani. Abin da kike gani a talabijin ba shi ake koya wa 'yan firamare ba, ko a ƙasashen da suka ƙware. A Ingila yara 'yan ƙasa da shekara 7 da 8 wasan fizgar ƙyalle kawai suke yi, sai a rukunin 'yan ƙasa da 9 ake fara koya musu kayarwa, kuma ba sa buga cikakken wasa na 15 da 15 sai a rukunin 'yan ƙasa da 14. Manya ma an sassauta musu, domin a 2023 hukumar duniya ta World Rugby ta ba ƙasashe shawarar su saukar da wurin kamu zuwa ƙasa da ƙashin ƙirji a wasannin da ba na ƙwararru ba, saboda a rage haɗuwar kai da kai.

A jar ƙasarmu, wadda hunturu ke mayarwa tamkar daɓe, shawarata ita ce kada a kayar da kowa sam. Ki sa tela ya yanko ragowar atamfa, tsawon kamu biyu, kowane yaro ya soke ɗaya a ƙugun dama ɗaya a na hagu. A raba su biyar-biyar ko shida-shida a ƙaramin fili da aka shata da toka, a tsince duwatsu da kwalabe tukuna. Wanda aka fizge wa ƙyalle ya tsaya ya miƙa ƙwallo baya, wanda ya fizge ya ɗaga shi sama ya mayar masa kafin ya ci gaba. Ƙwallo mai lamba 3 ita ce daidai hannun ƙanana, mai lamba 4 ta 'yan aji biyar da shida, kuma idan guda ɗaya makaranta ta iya saya, sauran rukunoni su yi da abin da ya samu. Malamin ya rage busa usur, ya bar su su yi kuskure. Filaye ƙanana huɗu sun fi babba ɗaya, domin abin da ake nema shi ne kowane yaro ya taɓa ƙwallo sau da yawa kafin a tashi, ba a bar mai jiki ɗaya yana ratsa kowa sauran suna bin sa da ido ba.

Wannan siga ta dace da 'yan mata ma, tunda babu riƙe jiki, kuma ana yin ta da cikakkiyar sutura a filinsu daban. Ba wasan raini ba ne, domin matan Ostireliya da suka ci zinaren Olamfik a 2016 da dama daga cikinsu, har da tauraruwarsu Charlotte Caslick, daga wasan taɓawa suka fito.

Duk da haka yara kan yi karo ko a wasan ɓuya, don haka akwai ƙa'ida ɗaya da ba a sassautawa. Yaron da ya bugu a kai, aka ga yana jiri, ko amai, ko ciwon kai, ko ya ruɗe bai san inda yake ba, a fitar da shi nan take, kada ya koma a ranar ko da ya rantse ya warke, a sanar da iyayensa, a kai shi asibiti. A Ingila ba a barin irinsa ya koma gasa kafin kwana 21. Idan sun kai sakandare aka zo koyon kayarwa, a yi shi da damina a kan ciyawa, ko a zuba yashi kamar yadda ake yi wa fagen kokawa.

Kada kuma a yar da langa. Yaron da ke tsalle da ƙafa ɗaya yana kai kafaɗa, yana kauce wa mai tunkaro shi, yana raka ruwa har ya je ya sha, ya riga ya koyi tsayuwa da kare ɗan'uwa da rashin tsoron haɗuwar jiki, abubuwan da kociyoyin Turai ke ƙirƙiro atisaye domin su koyar. Makarantar da ta raya langa da kokawar yara a gefe ɗaya, ta sa musu ƙwallo a hannu a ɗaya gefen, ta yi rabin aikin.

Game da ko wasan baƙi zai kama, tarihin ƙasar nan ya riga ya ba da amsa. Wasan buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda ake kira fives, daga makarantun Ingila aka kawo shi Arewa a shekarun 1920, Sardauna Ahmadu Bello ya koye shi yana ɗalibi ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa, kuma har yau ana buga shi a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi. Folo ya zauna da gindinsa tun zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko domin ya tarar da mutanen da suka tashi a kan doki, ga filinsa nan a Zariya. Ƙwallon kwando ma a nan garin ta yi gida saboda fili da koci: Masai Ujiri a Zariya ya tashi, yana ɗan shekara 13 ya fara, ya bi ta hannun kocin nan Ba'amurke Oliver Johnson na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ci gasar NBA a 2019. A duka ukun an samu wurin wasa da ke buɗe kullum, da babban mutum guda da ya tsaya a kai shekara da shekaru, da yaran da suka ɗauke shi suka kai unguwa.

Saboda haka ki ba malamin naki dama, da sharaɗin babu kayarwa. Ki kira taron iyaye su ga wasan da idonsu kafin jita-jita ta riga ki, sannan ki nemi shugabannin makarantu biyu ko uku da ke kusa da ke, a Muciya ko Cikaji, ku tsayar da rana ɗaya a ƙarshen kowane zango da yaranku za su kara da juna. Ku gayyaci malaman wasanni na sakandaren da ɗalibanku suka fi shiga, irin mai tambaya ta farko, domin su san yaran da ke tafe, kuma kada wanda ya gama aji shida ya je can ya tarar babu ƙwallo.